Ƙwaƙwalwar Yaya Barira

A unguwar Maitumbi ta Minna in ka ce kana neman Barira, sai an tambaye ka wace Barira. Amma in ka ce Barira mai keke, har mai sayar da lemo a bakin titi zai nuna maka gidan. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba haya take yi da keken ba. Girkin biki ne sana'arta. Keke napep ɗin na ɗaukar tukwane ne da itace da buhun shinkafa, kuma kafin ciwo ya hana ta da kanta take tuƙa abinta, ta tattare hijabi a cinya, tana gaida mutane da hon.

A Limawa aka haife mu, inda kakanmu ya zauna bayan ya biyo aikin jirgin ƙasa daga Kano. Babanmu akwatin ƙarfe da murhun gawayi yake ƙerawa. Tun muna yara ni ce matsoraciya, ita kuwa ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Ta taɓa buɗe agogon aljihun Kaka da tsinken tsire don ta ga abin da ke motsi a ciki. Agogon bai sake aiki ba, ta sha duka, amma da ta gama kuka sai ta jawo ni bayan ɗaki tana ba ni labarin ƙananan tayoyin da ta gani, idonta yana ƙyalli.

Haka ta girma. Ta auri Malam Sharif, ma'aikacin sakatariya, mutum mai shiru wanda ko tari a hankali yake yi. Suka gina gida a Maitumbi tun unguwar tana rabin gonaki. A can ta haɗu da maƙwabciyarta Helen, 'yar Gbagyi daga Kuta, wadda 'yan'uwanta ke aiko mata da doya mota-mota. Suka haɗa sana'a. Yaya tana dafa-duka da tuwon shinkafa da miya, Helen tana sakwara, ba bikin Musulmi ba na Kirista. Junansu Maman Sadiq da Maman Destiny suke kira, kuma in suna faɗa a kan gishiri sai ka rantse yau za su rabu.

Yaya ta ɗan haura arba'in da biyar lokacin da abin ya fara. Da sassafe sai gumi ya karyo mata, hannu ya ɗauki rawa, ta yi ta magana marar kan gado. Wata rana ta kalli mijinta ta tambaye shi ko shi ne mai kawo gawayi. In aka ba ta kunu da sukari sai ta dawo garau, ba ta ma tuna abin da ta ce. Ta gano hakan da kanta, sai ta koma cin abinci kusan kowane lokaci, ta yi ƙiba har zannuwanta suka daina zagaye ta. Dangi suka ce iska ce. Aka yi ruƙiya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ni malamar firamare ce, amma ni ma ban yi tunanin asibiti ba.

Azumi ne ya fito da maganar fili. Ranar farko, kafin la'asar, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida ba ta ko motsi. Helen ce ta shigo ta tarar ana yayyafa mata ruwa. Hausar Helen ba ta raba mace da namiji, kuma har yau ina jin muryarta.

"Wannan ba iska ba ne. Ku ɗauke shi mu je asibiti yanzu, tun bai farka ba, likita ya gani da idonsa."

Da aka auna jininta, sukarin ya yi ƙasa har ma'aikaciyar jinyar ta sake aunawa da wata na'urar. Ana ɗaura mata ruwa mai sukari ta buɗe ido ta tambayi wa ya sauke tukunyar kunun buɗa-baki. Daga nan aka tura mu wani babban asibiti a Abuja, inda muka haɗu da Dokta Ndakotsu, Banufe ne dogo mai dariya da kafaɗa. Shi ya yi mana bayani bayan an ɗauki hotunan cikinta. Ya ce a bayan tumbi akwai wata 'yar tsoka mai tsawo da likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin mai rage sukari a jini. Ƙari ne ya fito a jikinta, yana ta zubo insulin ba tsayawa. Ya ce irin wannan ƙarin ba a cika ganinsa ba, kuma mafi yawansu ba sa yaɗuwa, amma sai an cire an duba kafin a san nata wane iri ne.

Aka yi aiki aka cire. Sakamakon ya nuna ciwon daji ne, sai dai mai tafiyar hawainiya. Mu jikinmu ya yi sanyi da jin sunan. Ita kuwa murna take yi, domin ta kwana ta tashi ba gumi ba rawar jiki, kuma ta yi azumin shekarar da ta biyo baya cif. Ƙibar ta zube. A lokacin ne ma ta sayi keken, ta koyi tuƙi a filin makarantarmu ranakun Asabar, Malam Sharif yana tsaye daga nesa yana salati. Ta yi shekaru tana zuwa Abuja ana duba ta, ana cewa lafiya lau, har muka daina kawo maganar a hira.

Da abin zai dawo, ta wata hanya ya ɓullo, shi ya sa ba wanda ya gane shi. Ta fara goge gefen hagu na keken a jikin ƙofar gida, ita da ke shigewa lungun kasuwar Kure ko kwando ba ta taɓawa. Ludayi ya riƙa suɓuce mata daga hannun hagu. Wata rana ina zaune ta cinye rabin farantinta na dama, ta ture ta ce ta gama, ga nama a gefen hagu ba ta gan shi ba sai da na juya mata farantin. Ga ciwon kai da safe, wani lokaci har da amai. Ta ce hayaƙin itace ne.

A wani biki a Chanchaga ne ta faɗi. Tana tsaye kan tukunyar shinkafa hannun hagun ya fara fizga, fizgar ta hau kafaɗa da fuska, Helen ta rungumo ta ta janye ta daga wuta kafin ta kai ƙasa. Duk wanda ya san ta a wurin sukari ya ruga nema. Da ta ɗan farfaɗo aka ba ta lemon kwalba, amma hannun bai dawo ba. A asibiti aka auna sukarin aka ga daidai yake. Likitan ya ce wannan karon kai za a duba.

Muka koma wurin Dokta Ndakotsu da hoton ƙwaƙwalwa. Ya daɗe yana kallo, ya kira wani likitan tiyatar kai, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye. Ƙari ne guda ɗaya a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, kamar girman goro, kuma ɓangaren dama shi ke kula da hagun jiki. Yana kyautata zaton ɗan wancan na farko ne ya bi jini ya hau sama. Ya ce irin wannan ciwon in zai yaɗu hanta yake nufa, kuma lallai an ga 'yan ɗigo biyu a hantarta. Amma hawa ƙwaƙwalwa abu ne da shi kansa a littafi kawai ya taɓa karantawa.

Malam Sharif ya sunkuyar da kai. Ni hawaye nake gogewa da gefen hijabi. Sai muka ji Yaya ta ja kujerarta gaba.

"Likita, juyo min allon nan. Wai wannan ce ƙwaƙwalwata?"

Ya juyo mata. Ta kai fuskarta kusa, sannan ta kwashe da dariya ta ce wallahi ba ta da maraba da ta ragon da take farfesu, har da 'yan lanƙwashe-lanƙwashen. Ta sa ya nuna mata ƙarin, da kumburin da ya kewaye shi, da inda ido yake, da inda magana take fitowa. Ta tambayi ta ina za su shiga, da me za su buɗe ƙashin, kuma in sun buɗe za su mayar da murfin ko sabo za a sa. Likitan tiyatar, wanda ya shigo da fuska a ɗaure, ya ƙare da zana mata hoto a bayan ambulan. Ya ce ƙarin yana kusa da sama, wurin da hannu zai kai. Ya kuma ce akwai haɗari, hannun na iya mutuwa gaba ɗaya, kuma ko an cire ba a ce ciwon ya rabu da jikinta ba, sai dai a riƙe shi da magani.

A masauki Malam Sharif ya ce shi bai yarda a buɗe kan matarsa ba. A iya zamana da su ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Yaya ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa, "Baban Sadiq, kwana na Allah ne, ni da kai mun sani. Amma abin nan na gan shi da idona, kuma an ce hannu zai kai. In na zauna zai cinye min hagu ya dawo dama. Ka yi min izini." Ya fita ya yi sallar la'asar a masallacin asibiti, ya daɗe, da ya dawo ya ce a kira likita.

Labari ya isa Minna kafin mu gama shiri. Matan islamiyyarsu da matan cocin su Helen da duk gidan da ta taɓa yi wa girki suka tashi tsaye, aka haɗa abin da ya sawwaƙa. Matasan da ke haya da keke a Maitumbi, waɗanda kullum take tsokana cewa ba su iya shan kwana ba, suka cika mota suka zo ba da jini. Ranar aikin da safe aka aske mata rabin kai. Ta karɓi madubi ta duba, ta ce ashe kanta yana da kyau haka, shekara da shekaru tana ɓoye shi.

Aikin ya cinye yinin. Muna zaune a baranda, ni da carbi, Helen da 'yar addu'arta, Malam Sharif yana kai da kawowa. Wajen la'asar sakaliya likitan ya fito yana cire hula, kuma tun kafin ya yi magana na ga haƙoransa. Ya ce ƙarin ya fito a dunƙule, bai bar komai da ido ke gani ba. Helen ta durƙusa a wurin, ni na rungume ta, Malam Sharif ya kama hannun likita da hannu biyu ya kasa saki.

Washegari aka bar mu muka shiga. Kanta a naɗe, fuska a kumbure, ido ɗaya ne kawai ke buɗuwa. Likita ya ce ta matsa masa yatsa da hannun hagu. Muka zuba wa hannun ido. Babu komai. Ya sake cewa ta gwada. Sai babban yatsa ya motsa, manuni ya bi shi, a hankali sauran suka lanƙwaso suka riƙe yatsan likitan. Ma'aikatan jinya suka fara tafi, aka ce su yi a hankali akwai marasa lafiya. Yaya ta motsa baki, na kai kunnena.

"Nana, sun ajiye min abin? Ina son in gani."

Ba a ba ta ba, domin an riga an kai ɗakin bincike, inda aka tabbatar ɗan na fankiriyas ɗin ne. Amma ranar da za a sallame mu Dokta Ndakotsu ya tura ta a keken marasa lafiya har can, ya roƙi masu wurin suka ɗora mata yankin ƙarin a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ta leƙa ta daɗe. Ta ɗago ta ce kamar atamfa mai ruwan hoda da shuɗi, kuma ba ta taɓa zaton abin da ya so kashe ta zai yi kyau haka ba. Duk hanyar Suleja zuwa Minna zancen da ta yi mana ke nan.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. An yi mata gashi da na'ura a wurin da aka cire ƙarin don a ƙone abin da ya saura, gashin kanta na wajen ya zube, abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ga kasala. Aka sa ta kan allura duk wata saboda hanta, da ƙwayoyin hana farfaɗiya safe da yamma. Duk wannan ta shanye. Abin da ya sa ta kuka shi ne da likita ya ce ba ita ba tuƙi, domin fizgar na iya dawowa tana kan titi. Ta yi kwanaki ba ta kula kowa, keken yana tsakar gida kaji suna kwana a ƙarƙashinsa.

Ran nan na je gaishe ta bayan an tashi daga makaranta, sai na tarar ta sa an wanke shi fes. Ta miƙo min makulli. Na ce mata ni ko keken hawa ban taɓa iyawa ba, kuma ta san ina rufe ido in za mu tsallaka titi a shataletalen Mobil. Ta ce ai shi ya sa, wanda ke tsoro ba ya kashe mutane. Na kawo uzuri iri-iri, ta ƙi ji.

Asabar ta farko a filin makaranta na ɗauki keken na nufi bishiyar mangwaro kai tsaye. Yaya tana baya da sandar rake tana dukan ƙarfen kujera tana faɗa min in saki hannu, ni kuma ina ƙara murɗawa. Da ƙyar Allah ya tsayar da mu. Na sauko na juya in ba ta haƙuri, sai na ga dariya take yi har da riƙe ciki, karo na farko tun da aka fara gashi. Muka ci gaba. Mako-mako na iya tayar da shi, na iya shan kwana, na iya ja da baya. Ranar da na fara fita babban titi, masu keken Maitumbi suka jero a bayana suna hon har kasuwa, ɗalibaina suna tsaye a bakin hanya baki buɗe. Ban san akwai daɗi a abin ba sai da iska ta daki fuskata.

Ana cikin haka Helen ta zo da labarin an sa ranar auren 'yarta Destiny, kuma a Kuta za a yi, a gidan kakanni. Ta ce za ta nemi wasu masu girki don Maman Sadiq ta huta. Yaya ta kalle ta sama da ƙasa, ta ce yarinyar da ta goya a bayanta ba za a ciyar da baƙin bikinta da shinkafar wata ba. Muka tambayi Dokta Ndakotsu ta waya. Ya ce ta je, da sharaɗin ba za ta tsaya kan wuta ba, za ta sha maganinta kan lokaci, kuma in ta gaji ta kwanta.

Muka kama hanyar Kuta da hantsi ana gobe biki. Motar kaya tana gaba da buhuna, ni ina biye a keke da tukwane ɗaure a sama, Yaya da Helen a baya suna gardama kan yawan attarugu. Malam Sharif ya biyo mu a motar haya da jakar magani a cinyarsa, duk inda muka tsaya sai ya sauko ya leƙa fuskarta. Damina ta yi nisa, kunyoyin doya sun yi kore shar hagu da dama. A wajen Gwada Yaya ta taɓa kafaɗata ta ce in duba hagu, ga wasu mata can da kaya a kafaɗa suna ɗago mana hannu. Sai da muka wuce na tuna cewa watanni kaɗan baya ba ta ganin komai ta wannan gefen.

Ranar biki aka kafa mata kujera a inuwar ɗorawa, nesa da hayaƙi, ga murhu a jere a gabanta. Daga nan ta riƙa ba da umarni. A rage wutar waccan, a juya wannan daga ƙasa, a kawo mata miya a cokali. Ɗanɗanonta ya fara dawowa, amma ba ta yarda da shi ba tukuna, sai ta sa ni da Helen mu ɗanɗana bayanta, in muka saɓa ta bi nata. 'Yan matan gidan suna daka sakwara, taɓare suna sauka bi da bi. Da aka dawo daga coci jama'a suka cika fili, aka ci aka ƙara, tsofaffi suna tambayar wace ce ta yi miyar. Da aka nuna musu ita, wata tsohuwa ta zo ta dafa kanta daidai wurin tabon, ta yi mata addu'a da Gbagyi, Yaya tana amsawa da amin ba tare da ta ji ko kalma ɗaya ba.

Da yamma masu kiɗa suka fara. Amarya ta ratso taro da farar rigarta, ta wuce kowa ta zo ta durƙusa gaban kujerar, ta ce, "Mama, ki taso." Na kalli Malam Sharif, shi ma ni yake kallo. Yaya ta dafa hannun kujera ta miƙe da kanta. Ta shiga tsakiyar mata tana takawa a hankali, ɗankwali ya ɗan zame, ɗan gajeren gashin da ya fara tsirowa ya fito fari-fari. Sai ta ɗaga hannun hagu sama, ta buɗe yatsun duka, ta juya shi don kowa ya gani. Guɗa ta tashi ta ko'ina, Helen tana rawa tana kuka. Ba ta daɗe ba ta gaji, muka mayar da ita kujera tana haki, baki har kunne, mijinta ya miƙo mata ruwa da ƙwayar yamma.

Yau shekara ta zagayo da ɗan ɗoriya tun aikin kan. Hoton kai na baya-bayan nan bai nuna komai ba. Ɗigon hanta ɗaya ya ɗan ƙaru, an ƙara mata wani magani mai sa ta jiri, kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Hannun hagun yana riƙe ludayi amma ba ya ɗaga tukunya. Ta rage karɓar aiki, sai wanda ranta ya so.

Jiya da safe ta kira ni ina tsakiyar darasi. Na fita da sauri gabana yana faɗuwa. Ashe wani ango ne daga Bida ya aiko yana son girkin Nufawa zalla, ita kuma ba ta taɓa yin miyar wakensu yadda suke yi ba. Ta ce ta riga ta samo wata tsohuwa a unguwar Kpakungu da ta yarda ta koya mata, in zo da an tashi mu je, kuma in biya kasuwa in taho da busasshen kifi mai kyau.